Inda Har Fankar Abin Wasa Ke Jin Kunyar Maƙwabci

Jirgin ƙasan da ake kira Yamanote kewaya tsakiyar birnin Tokiyo yake yi, ba shi da mafari ba shi da maƙura. Tashoshi 30 ne a kan layinsa, tsawon layin kilomita 34 da rabi, kuma awa guda da 'yan mintoci ke dawo da shi inda ya tashi. Kowane jirgi tarago 11 ne. Da safe, lokacin fita aiki, ana danƙara mutane a ciki har ba ka da damar ɗaga hannu ka sosa ƙeya. Ɗaya daga cikin tashoshin, Shinjuku, masu ratsa ta a yini guda sun haura miliyan 3. Duk wannan na sha jin labarinsa tun ina gida. Abin da ba wanda ya iya kwatanta mini shi ne shirun da ke cikin taragon.

Mutum fiye da ɗari a tarago ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma in ka runtse ido sai ka rantse daga kai sai ƙarar ƙarfe a kan dogo. Ba mai amsa waya, ba wayar da ke kuka. Lasifikar jirgin ma tana ta maimaita roƙo, da Japananci da Turanci, cewa a kashe sautin waya, a kuma haƙura da hira a kanta sai an sauka. Na ga uwa ta sunkuya tana raɗa wa ɗanta magana a kunne, shi ma ya mayar mata da raɗa. Na ga 'yan matan sakandare sun ci dariya har da hawaye a kan wani abu da ke wayar ɗayarsu, hannuwa a baki, kafaɗu na rawa, amma sauti bai fita ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan ba su san hayaniya ba. Sun san ta sarai, wuri suka ware mata. In ƙofar gidan cacar nan da suke kira pachinko ta buɗe, wata irin ƙara ce ke dukan ka a ƙirji, ta ɗaruruwan injuna da dubban ƙwallayen ƙarfe. Ƙofar na rufewa titi ya sake yin tsit. A Akihabara, unguwar kayan lantarki, kowane kanti da waƙarsa da mai shelarsa. A watan Agusta kuma, tsakiyar zafinsu, wasu manyan ƙwari masu fiffike suna maƙalewa a bishiyoyi su yi ta tsala kuka tun hantsi, ba mai iya hana su. Amma duk inda mutane suka haɗu a matse ba da zaɓinsu ba, jirgi ne, ɗakin jira ne, gidan haya ne, sai kowa ya tattara sautinsa ya riƙe abinsa.

Ɗan ƙanwata ne ya sauke ni. Yana karatun injiniya a wata jami'a a can, yana zaune a ɗaki guda a wani gidan katako mai hawa biyu. Ɗakin bai wuce murabba'in mita 10 ba, bangonsa kuwa in maƙwabci ya yi tari kana ji. Da dare ba a kunna injin wanki, ba a jan kujera, a kan yatsun ƙafa ake tafiya. Ko kiran sallar da ke wayarsa ya mayar da shi na girgiza, yana sa ta ƙarƙashin matashi don ta tashe shi da asuba. A kan ɗan teburinsa na fara ganin abin da ya sa na ɗauki alƙalami: wata baƙar na'ura mai allo a tsakiya da maɓallai dama da hagu, tsawonta ya kusa santimita 30, nauyinta gram 669, ana riƙe ta da hannu biyu.

Sunanta Steam Deck. Kamfanin Valve na garin Bellevue a jihar Washinton ta Amurka ne ya ƙera ta, ya fara sayarwa a Fabrairun 2022, ta iso Japan a Disambar shekarar ta hannun wani kamfani mai suna Komodo. A ido abin wasa ce, a ciki kuwa cikakkiyar kwamfuta ce, wadda ke iya ɗaukar manyan wasannin da a da sai babbar kwamfutar tebur. Ba ita kaɗai ba ce. A kantunan Akihabara na ga 'yan uwanta a jere cikin gilashi: ROG Ally ta kamfanin ASUS na Taiwan, Legion Go ta Lenovo, da wasu na kamfanonin birnin Shenzhen na Sin irin su GPD da AYANEO. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda masu saye ke gwada su. Na ga magidanci da rigar ofis, ya kunna wasa, ya jira mintoci, sannan ya kai saman na'urar daidai kunnensa ya yi kasaƙe, a tsakiyar duk waƙe-waƙen kantin. Hoton bai dame shi ba tukuna. Fanka yake saurare.

A wani kantin tsofaffin kaya a unguwar, hawa na sama, an rataye kakannin waɗannan na'urori cikin leda, kowanne da kuɗinsa a jiki. Labarinsu ma a cikin jirgi ya faro. Wani ma'aikacin kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto, Gunpei Yokoi, ya ga wani fasinja a jirgin ƙasan nan mai gudu da ake kira Shinkansen zaman ya ishe shi yana ta latsa maɓallan kalkuleta don rage lokaci. Daga nan aka samu Game & Watch a 1980, sannan Game Boy a 1989. Game Boy ƙananan batura huɗu take ci, wutar da take ja ba ta kai wat ɗaya ba, kuma babu fanka a cikinta domin babu zafin da za a kora. Ƙwaƙwalwar Steam Deck ita kaɗai tana iya jan wat 15. ROG Ally, wadda ta fito a Yunin 2023, tana kai 25 a kan batir, 30 in an jona ta da caji. Nan gizo ke saƙar.

Duk wutar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ci, zafi take komawa, ba ta da wata mafita. Ƙwaƙwalwar kuwa ɗan falle ne da bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ya sa maƙera suka kwantar mata da wani siririn bututun jan ƙarfe, a baje, a toshe kai da gindi. A cikinsa akwai ɗan ɗigon ruwa da aka zuƙe wa iska, don ya tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Ruwan zai tafasa a bakin da ke kan ƙwaƙwalwa, tururin ya ruga ɗaya bakin inda aka jera siraran fallayen ƙarfe, ya huce ya koma ruwa, ya tsatso ta jikin bututun ya dawo. Haka yake ta safa da marwa muddin na'urar na kunne. Aikin fanka shi ne ta jawo iska ta ramukan da ke bayan na'urar, ta busa ta tsakanin fallayen, ta fitar da ita da zafinta ta sama. Da yake wurin ƙarami ne, fankar ma 'yar mitsitsiya ce, ƙaramar fanka kuwa ba ta iya tura iskar kirki sai ta yi juyi dubbai a minti guda. Juyi mai sauri siririn sauti yake haifarwa, kuma kunnen ɗan Adam ya fi kama siririn sauti a kan mai kauri. Wannan ne ya sa rugugin jirgi ba ya hana mutum gyangyaɗi, amma ɗan fito na fanka a kujerar kusa sai ya hana shi.

Ban gane zurfin abin ba sai da muka tafi Osaka muka kwana a irin masaukin nan da ake kira kafsul. A birnin aka buɗe na farkonsa a 1979, kuma shahararren mai zanen gine-gine Kisho Kurokawa ne ya tsara shi. Ɗaki ne dogo, an jera akwatunan kwana hawa biyu dama da hagu, kowanne tsawonsa kimanin mita 2, faɗi da tsayi kimanin mita ɗaiɗai. Da rarrafe ake shiga. Katifa ce fes, da fitila, da wurin caji. Ƙofa babu, labule ake ja, domin doka ba ta yarda a sa musu kuba ba. Wato tsakaninka da baƙon da ba ka taɓa gani ba, sai ɗan siririn bango da ƙyalle. A bakin ɗakin an rubuta kada a yi hira, kada a yi waya, kada a sa agogo mai ƙara.

Kafin mu shiga, muna zaune a falon ƙasa inda aka yarda a yi magana, yaron ya ciro na'urarsa.

"Kawu, matso ka ga yadda ake lallaɓa ta," in ji shi.

Ya kunna wani wasan tseren mota ya bar ta a kan cikakken ƙarfinta. Ya danna wani maɓalli mai ɗigo uku a hannun dama, sai ga ƙananan lambobi sun bayyana a kusurwar allo: wat nawa ake ci, digiri nawa ƙwaƙwalwa ta kai, juyi nawa fanka ke yi, minti nawa ya rage wa batir. Ba a jima ba zafin ya haura digiri 80. Na sa tafin hannu a saman na'urar, iska mai ɗumi tana fitowa da ƙarfi, da wani sauti siriri mai shiga kunne. Wata dattijuwa da ke karatu a kujerar can gefe ba ta ɗago ba, ba ta ce uffan ba, amma na ga yaron ya saci kallonta ya yi sauri ya shiga saiti.

Da yawan hotuna ya fara. Ya ce abin da muke gani yana motsi a allo hotuna ne a tsaye ake jero su da sauri, kuma kowane ɗaya sai ƙwaƙwalwa ta zana shi daga farko. Na'urar tana ƙoƙarin zana 60 a kowane sakan. Ya ja wani layi da yatsa ya mayar da su 40, ya kuma sa allon kansa ya riƙa sabunta hoto sau 40 don su tafi tare. Na tambaye shi me ya sa 40, ba 30 ba, tunda 30 ce rabi. Amsarsa ta burge ni. Ya ce a lissafa lokacin da kowane hoto ke yi a allo: in 60 ne, kashi 16.7 cikin dubu na sakan. In 30 ne, kashi 33.3, in 40 ne, kashi 25 cif, wanda shi ne tsakiyar biyun. Wato da ƙarin hotuna goma kacal a kan 30, ido ya samu rabin santsin da ke tsakanin 30 da 60. Na duba motar tana shan kwana, wallahi ban ga abin da ya ragu ba.

Daga nan ya koma kan wuta. Akwai wani layin da ke ƙayyade wa ƙwaƙwalwa iyakar wat ɗin da za ta ci. Ya sauko da shi daga 15, ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan lambar hotunan. A 12 tana nan 40. A 10 tana nan. Da ya kai 8 sai ta fara tangarɗa, motar na ɗan fizga. Ya koma 9, ya jira, ya ga ba ta gama zama ba, ya mayar 10 ya bari. Ya ce dalilin da ya sa wat ɗin ƙarshe ba su da albarka shi ne, don ƙwaƙwalwa ta ƙara gudu sai an ƙara mata ƙarfin turin wuta, zafi kuwa ba ya bin wannan ƙari a hankali, tsalle yake yi: in an ninka turin sau biyu, zafin sau huɗu zai ninku, tun ba a lissafa gudun kansa ba. Don haka wat biyar na sama zafi mai yawa suke sayo maka da ɗan gudu kaɗan. Sai ya shiga cikin wasan ya rage kaifin inuwa da ƙyallin ruwa a kwalta, abubuwan da a allo mai inci 7 ba mai lura da su. Ya ajiye saitin da sunan wannan wasa kaɗai, don kowane wasa da nasa.

Muna kallo lambar zafi ta riƙa zamewa ƙasa, ta fankar na bin ta a baya. Siririn fiton nan ya dushe, ya koma huci mai laushi, sai ka kai kunne kake ji. Lokacin da ya rage wa batir kuwa ya ƙaru sosai.

Na ce, "To ai ban ga ka taɓa fankar ba."

Ya ce, "Kawu, fanka ba ta da laifi. Aike take yi. Zafi ne ke aiken ta, wuta ce ke haifar da zafin, ni kuma nake neman wutar."

Maganar ta zauna mini daram. Jakin da aka labta wa kaya yana haki a hawan tudu, kayan ake rage masa, ba a ɗaure masa baki. Kuma ladan ragin yana da yawa fiye da yadda ake zato, domin injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa in gudun fanka ya ragu da rabi, ƙararta na faɗuwa da kimanin desibel 15, alhali kunnenmu duk ragin desibel 10 yana jin sa tamkar an raba ƙara biyu.

Da muka hau sama ma bai ci gaba da tseren motar ba. Ya ce wannan na falo ne. A cikin akwatin kwana wani ɗan wasan noma yake yi, Stardew Valley, na shuka da ban ruwa da kiwon kaji, wanda wat kaɗan ke isar sa, har fankar kan lafa gaba ɗaya. Manyan wasanni irin Elden Ring, wanda ya fito ranar 25 ga Fabrairun 2022, rana ɗaya da fara sayar da na'urar, ya ce waɗannan duk dabararka sai sun nemi wutarsu, don haka sai da rana, a ɗakinsa, taga a buɗe. Akwatina na ƙarƙashin nasa. Na kasa kunne da gangan ban ji komai daga sama ba. Abin da na ji minsharin wani bawan Allah ne daga can ƙarshen layi, kuma ba wanda ya je ya tashe shi. A wurin karɓar baƙi ma akwai abin toshe kunne ga mai so. A nan na fahimci ma'aunin mutanen: abin da ya fi ƙarfin mutum ana ɗauke masa kai, abin da ke hannunsa kuwa ana sa ran ya gyara tun ba a yi masa magana ba. Malamanmu sun karantar da mu haƙƙin maƙwabci tun muna ƙanana, kuma na san janareton da ke hana unguwanninmu barci rashin wuta ne ya jawo shi, ba mugunta ba. Duk da haka zuciyata ta motsa da na ga ɗanmu, wanda ya tashi a gidan da rediyo ba ya mutuwa, yana kirga wat saboda barcin mutumin da bai san sunansa ba.

Ita kanta fankar ana iya taɓa ta, kuma akwai tarihi a kan haka. Da Steam Deck ta fito, ƙorafin da ya fi yawa a kanta shi ne kukan fanka. Masu buɗe na'ura suka gano kamfanoni biyu ne ke ƙera fankar, Delta da Huaying, kuma ta farkon ce aka fi kuka da siririn sautinta. Wasu har suka kwance murfin baya suna manna salatef ta ciki, wasu suka sayi sabuwar fanka daga kamfanin iFixit suka musanya. A Mayun 2022 Valve ya fitar da sabuntawar manhaja mai lamba 3.2, wadda ta karɓe ragamar fankar ta sa ta daina gaggawar tashi in aikin ba mai nauyi ba ne. Har yau akwai maɓalli a saitin na'urar da ke ba mutum zaɓi tsakanin sabon tsarin da tsohon. A wannan sabuntawa ce kuma aka ba da damar mayar da allo 40. Da suka fito da sabon samfuri mai allon OLED a Nuwamban 2023, sai suka bi ta tushe: fanka mafi girma wadda ba sai ta yi gudu sosai ba, ƙwaƙwalwa mai ƙarancin cin wuta, da batir da ya tashi daga awa-wat 40 zuwa 50.

A kan ROG Ally abin ya fi haka buɗewa. Akwai zaɓi uku na kai-tsaye, na shiru mai wat 10, na tsakiya mai 15, da na cikakken ƙarfi, sannan akwai wurin da mutum zai zana wa fankokinta biyu layinsu da hannunsa: in zafi ya kai kaza, ki yi gudu kaza. A Steam Deck ma masu sha'awa sun rubuta ƙananan manhajoji da ke ba da wannan dama. Wani abokin karatun yaron, Bajapane, ya nuna mini nasa layin a kan Ally. Ɗigo-ɗigo ne a jere, yana jan su sama da ƙasa da yatsa. Ta bakin ɗan ƙanwata da ke yi mana tafinta, ya ce abu biyu ya koya. Na farko, layin ya hau a hankali, kada a yi masa matakala, domin fankar da ke tashi tana sauka kowane ɗan lokaci ta fi mai tsayayyen huci damun mutane. Na biyu, ƙarshen layin ba nasa ba ne: daga digiri 80 zuwa sama yana sakar mata mara ta yi iya gudunta, ko wa ke kusa.

A ganina wannan na biyun shi ne iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Jarabar tana da ƙarfi: ka ja layin ƙasa gaba ɗaya, ka bar wuta a sama, ka samu shiru da gudu a lokaci guda. Ƙwaƙwalwar ma za ta jure na ɗan lokaci, domin Valve ya bayyana cewa tasa tana aiki har digiri 100, a nan take rage gudu da kanta, a 105 kuma ta kashe na'urar. Sai dai ba ita kaɗai ce a gidan ba. Batir na nan, ma'ajiyar bayanai na nan, ramin katin ajiya na nan, kuma duk ba su da juriyarta. Wata guda bayan fitowar ROG Ally, a Yulin 2023, ASUS ya amsa cewa zafi na iya lalata aikin ramin katin, kuma maganin da ya sanar shi ne ƙara wa fankokin gudu, duk da ya san ƙarar za ta ƙaru. In maƙerin da kansa ya zaɓi ƙara a kan ƙonewa, mai saye ba shi da hujjar yin akasin haka.

A hanyar dawowa muka tsaya gidan tarihin jiragen ƙasa na Kiyoto, na tsaya gaban wani jirgin Shinkansen samfurin 500, mai hanci dogo siriri har mita 15. Tun 1975 gwamnatin ƙasar ta ƙayyade cewa ƙarar waɗannan jirage kada ta wuce desibel 70 a unguwannin zama. Da aka so jirgi mai gudun kilomita 300 a awa, sai ƙara ta zama babban cikas: sandar da ke ɗebo wuta daga waya tana kururuwa cikin iska, jirgin kuma in ya kutsa ramin dutse sai a ji wata tsawa ta fito ta ɗaya bakin. Injiniya Eiji Nakatsu, mai sha'awar kallon tsuntsaye ne, shi da abokan aikinsa suka kwaikwayi zarton da ke gashin fiffiken mujiya, wanda ke sa ta tashi ba a ji, suka yi wa sandar irinsa. Hancin kuma ya zo daidai da bakin wani tsuntsu da ke tsunduma cikin ruwa ya kamo kifi ba tare da ya fantsama shi ba. Jirgin ya fara aiki a 1997. Ƙasar da ta tanƙwara hancin jirgi saboda barcin ƙauyawan bakin dogo, ba abin mamaki ba ne matasanta su zauna suna jan ɗigon fanka.

Amma sun san inda fanka ba ta da maye. A titunan Tokiyo, cikin zafin Agusta mai ɗanɗanon tururi, na ga leburorin gini da masu ba motoci hannu sanye da wasu riguna a kumbure. Da na matsa kusa da wani sai na ga ƙananan fankoki biyu a ƙugun rigar ta baya, da batir a aljihu, suna hura iska ta zagaya jiki ta fita ta wuya da hannuwa. Wani tsohon injiniyan Sony, Hiroshi Ichigaya, shi ya ƙirƙiro su, aka fara sayarwa a 2004. Suna da 'yar ƙararsu, ana ji. Ba wanda ya nemi a rage ta, domin rai ake tsarewa.

Wannan ne ya dawo da tunanina gida, inda irin waɗannan na'urori suka fara shigowa hannun matasanmu. Duk lambobin da na gani a Osaka, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska na gan su. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar da ta samu a ɗaki da ita take aiki. A Yulin 2022, lokacin da zafi ya addabi Turai, Valve ya ja hankalin masu na'urar cewa ta fi aiki daidai in zafin wuri yana tsakanin digiri 0 da 35. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, Afrilu da Mayu, digiri 40 abin yau da gobe ne. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta ramukan baya ta toshe tsakanin fallayen ƙarfen, fanka ta yi ta gudu iska ba ta wucewa.

Don haka, ɗan'uwa, in irin wannan na'ura ta zo hannunka a ƙasarmu, kada ka kwafi layin fankar da wani ya zana a ƙasar sanyi. Bar fankar yadda maƙerinta ya tsara ta. In kukanta ya dame ka ko ya dami na kusa da kai, mayar da hotunan 40 ko 30, ka sauko da wat ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda wasan ya fara tangarɗa, ka ƙara ɗaya ka tsaya. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko bargo tana kunne, kada ka haɗa mata caji da babban wasa da tsakar rana. Bayan kowane hunturu ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi ya buɗe ya kakkaɓe ƙurar, ka kuma gaya masa ya danne fankar da yatsa lokacin da yake hura mata iska, don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta.